Mokwa: Ido Na Kan Kogi, Ruwa Ya Ɓullo Ta Baya

Yau za mu yada zango ne a Mokwa ta jihar Neja, mu bi tarihin zaman garin da ruwa da iska da rana, mu ga abin da sauran ƙananan garuruwanmu za su tsinta a ciki.

Direbobin manyan motoci ba sa buƙatar a kwatanta musu Mokwa. Duk wanda ya taɓa lodin shanu ko albasa ko hatsi daga Arewa ya nufi Ilori da Badun da Ikko, ya san garin. Nan hanyoyi suke haɗuwa: wadda ta fito daga Kontagora da Tegina, da wadda ta fito daga Bida, da wadda ta gangaro daga Kainji, duk su ɗunguma su nufi gadar Jebba. Layin dogo na Ikko zuwa Kano, wanda Turawa suka shimfiɗa fiye da shekara 100 da suka wuce, shi ma ta nan ya ratsa. Garin Nufawa ne, basarakensa shi ne Ndalile, a ƙarƙashin Etsu Nupe na Bida. Amma hanya da kasuwa sun tara masa Hausawa da Fulani da Yarabawa, har akwai unguwa guda da ake kira Unguwar Hausawa.

A daren Laraba 28 ga watan Mayun 2025 aka kwana ana tafka ruwa a yankin. Da safiyar Alhamis 29 ga wata, saura kwana 8 Babbar Sallah, ruwa ya afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Bai zo da sallama ba. Ya zo ne da laka da itatuwa da duwatsu, ya rusa ginin ƙasa, ya rusa na bulo, ya tafi da mutane daga cikin ɗakunansu. Cikin kwana uku hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar Neja ta ce an ƙirga gawa 151, mutum fiye da 3,000 sun rasa matsuguni, gidaje sama da 250 sun rushe. Daga baya adadin waɗanda suka rasu ya haura 200, ga kuma ɗaruruwa da aka nema aka rasa. A cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da almajiran makarantar allo, yaran da iyayensu ke can wasu jihohi. Gadoji sun karye, motocin da suka ɗauko kaya zuwa Kudu suka yi cirko-cirko a hanya, a daidai lokacin da ake jigilar ragunan layya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Tambayar da ta fara fitowa daga bakin kowa ita ce: dam aka buɗe? Ko dam ce ta fashe? Mutanen Mokwa suna da hujjar yin wannan tambaya, domin duk tsoron ruwan da suka gada, daga kogi yake da madatsun da ke kansa.

Mu ɗan tsaya a kan kogin. Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku. Yana ratsa Mali, ya bazu a wata makekiyar fadama kafin Tumbuktu, ya wuce Gawo da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya ta jihar Kebbi. Saboda tsawon wannan tafiya, kogin yakan cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Cikar farko ita ce ta damina, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan da aka yi a nan kusa, mai ɗauke da laka, shi ya sa masana ke kiran ta farar ambaliya. Ta biyu ruwan Gini ne da ya daɗe yana jan jiki a fadamun Mali, lakarsa ta kwanta, sai ya iso cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Ita kuma ana kiran ta baƙar ambaliya. Masunta da manoman bakin kogi sun san wannan lissafi tun kaka da kakanni, a kansa suke tsara shuka da su da tafiya.

Daga baya madatsu suka shigo lissafin. An gama Kainji a 1968, aikin da ya tayar da mutum sama da 40,000 daga garuruwansu, tsohuwar Busa ta nutse aka gina sabuwa. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990. Shi kogin Kadunan a Muregi yake haɗuwa da Kwara, cikin ƙaramar hukumar Mokwa. Ke nan ƙauyukan yankin suna zaune ne a ƙarƙashin madatsu ta ɓangarori biyu. An gina waɗannan madatsu ne don samar da lantarki, kuma idan tafkin da ke bayansu ya cika, dole a buɗe ƙofa a rage ruwa, in ba haka ba ginin kansa ya shiga haɗari. Duk ranar da aka buɗe, manomin shinkafa da ke gangare shi ke biyan kuɗin.

Tarihin wannan ɓangare a rubuce yake a jikin mutane. A 2012, shekarar da ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya ta kuma raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, jihar Neja na cikin waɗanda suka ji jiki. A Satumbar 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana ambaliya a matsayin bala'i na ƙasa a jihohi huɗu, Kogi da Neja da Anambra da Delta. A 2022 aka sake yin wadda ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar. Ko a watan Afrilun 2025, makonni kaɗan kafin abin da ya faru a cikin gari, ruwan da aka sako daga Jebba ya shanye gonakin shinkafar rani a yankin. Ga kuma hatsarin jiragen ruwa. A Satumbar 2023 wani jirgi ya kife da manoma a ƙaramar hukumar, mutum fiye da 20 suka rasu. A ranar 1 ga Oktoban 2024 wani jirgin katako ɗauke da mutum kusan 300, akasari mata da yara masu halartar Mauludi, ya kife da dare a kusa da Gbajibo, aka rasa gommai. Duk a watannin da kogi ya cika ya batse.

Wanda ya ga wannan jeri ba zai yi mamakin cewa idon kowa na kan kogi ba. Har akwai masu ɗora wa madatsar Lagdo ta Kamaru alhakin kowace ambaliya a Nijeriya. Alhali Lagdo a kan kogin Binuwai take, shi kuwa Binuwai sai a Lakwaja yake haɗuwa da Kwara, can gaba da Mokwa sosai. Ruwanta ba ya hawa tudu ya dawo baya.

To, amma ruwan 29 ga Mayu ba daga kogi ya zo ba. A ƙarshen Mayu damina ma ba ta kankama ba, Kwara na kwance a ƙasan gaɓarsa. Ministan albarkatun ruwa na lokacin, Joseph Utsev, ya fito ya ce Kainji da Jebba lafiyarsu lau, ba su aka buɗe ba. Ya ɗora abin a kan mamakon ruwan sama da kuma gine-ginen da suka toshe wata ƙorama da ke zuba a rafin Dingi, ƙoramar da ba ta gudu sai an yi ruwa. Mazauna garin da 'yan jaridar da suka je wurin sun ƙara da wani bayani: ruwa ya taru ne a bayan jingar da layin dogo ke kai, hanyar da zai bi ta ƙarƙashi ta toshe, ya yi ta taruwa har ya zama tafki, jingar ta kasa riƙe shi ta ɓalle. Bayanan biyu ba sa karo da juna. Duk abu guda suke faɗa: an tare wa ruwa hanya a sama, an zauna masa a hanya a ƙasa.

Jama'a, a nan ne nake so mu natsu, domin ambaliya iri biyu ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Ambaliyar kogi baƙo ce mai aiko da saƙo kafin ya iso. Ana auna ruwa a Yamai, ana aunawa a Jidere Bode a jihar Kebbi, ana ganin yana hawa yau taƙi ɗaya gobe taƙi biyu, mutum ya samu kwanaki ya kwashe iyali da dabbobi da hatsi. Ambaliyar ƙorama kuwa ɓarawo ce. Tsakanin saukar ruwan sama da isowarta ƙofar gida, wani lokaci ko awa guda ba a yi. Ba ta buƙatar babban kogi. Gangare take buƙata, da ƙasar da ta daina shan ruwa, da wata matsattsiyar hanya da za ta cushe.

Mu yi ɗan lissafi. Ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya, lita guda ke nan. Idan aka yi milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a daminar wannan yanki, kowane murabba'in kilomita ya karɓi lita miliyan 50. Tankar mai mai cin lita 33,000, sai an jera kusan 1,500 kafin su kwashe wannan ruwa. Kuma kowace lita 1,000 nauyinta tan guda. Idan ƙasa na da itatuwa da ciyawa, kaso mai yawa zai nutse, sauran ya gangaro a hankali. Idan an sare itatuwan an yi gawayi, an share gangaren an yi gona, an rufe cikin gari da kwano da siminti, kusan dukkansa zai taho lokaci guda. Ya kuma taho da kara da reshe da yashi da leda. Da ya iso bakin kwalbati, tarkacen ya yi masa murfi. Daga wannan lokaci, titin mota ko jingar jirgin ƙasa ta koma madatsar ruwa. Bambancinta da Kainji shi ne, ba injiniyan da ya tsara ta don riƙe ruwa, ba ta da ƙofar ragewa, ba ta da mai gadi. Idan ta ɓalle, ruwan awa biyar yakan sauko cikin minti kaɗan. Ruwa mai gudu da bai wuce ƙauri ba yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai gwiwa zuwa cinya yana iya jan mota.

Shin ƙasar ba ta taɓa yin gargaɗi ba? Ta yi. A watan Yunin 2017, ruwan sama ya karya gadar Tatabu a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba, zirga-zirga tsakanin Arewa da Kudu maso Yamma ta tsaya, har Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa a lokacin, ya je ya gani da idonsa. Shi ma wancan a farkon damina ya faru, shi ma ba Kwara ce ta yi ɓarnar ba. An ɗauke shi a matsayin matsalar hanya: a gyara gada, motoci su wuce. Ba a karanta shi a matsayin labarin yadda ƙananan rafukan yankin ke tashi ba. Haka nan zaizayar ƙasa ta daɗe tana cin unguwannin Mokwa. Ƙasar wannan yanki, har zuwa Bida, mai yashi ce, ba ta da danƙo, da ruwa ya samu ɗan tsagi sai ya yi ta rarake ta har ta zama kwazazzabo. Kowane kwazazzabo shaida ne na inda ruwa yake bi da irin ƙarfin da yake bi da shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma wani dalili da ya sa muka manta da ƙoramu, ba a Mokwa kaɗai ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun buɗe wasu shekaru masu tsawo na ƙarancin ruwa a Afirka ta Yamma. A 1985 kogin Kwara da kansa ya daina gudu na ɗan lokaci a Yamai. A waɗannan shekaru ne garuruwanmu suka yi ta bunƙasa. Wanda ya taso a lokacin ya ga fadama a bushe, ya ga kwari babu ruwa shekara da shekaru, sai ya ɗauka fili ne. Dillali ya yanka fuloti ya sayar da araha. Wa ke sayen fili mai araha a cikin kwari? Baƙo, da ɗan ci-rani, da talaka, da malamin da ke neman inda zai zaunar da almajiransa. Dattijon da ya san cewa a zamanin yarintarsa ruwa ya taɓa kai wa gindin waccan tsamiya, ko dai ya rasu, ko ba a tambaye shi ba. Da damina ta dawo da ƙarfinta, sai ta tarar da mutane a kan hanyarta.

Masana yanayi sun tabbatar duniya na ɗumama, kuma duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana sa iska ta riƙe ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa ruwan yanzu ke yawan zuwa a dunƙule, na mako biyu ya sauka a dare ɗaya. Wannan gaskiya ne. Amma kada jami'in gwamnati ya fake da sauyin yanayi. Sauyin yanayi bai toshe kwalbati ba, bai sa hannu a takardar fili ba, bai zuba shara a magudana ba.

Kuma ba ruwa kaɗai ke jiran gari irin Mokwa ba. Kowane lokaci na shekara da nasa. Hunturu na zuwa da hazo da bushewar iska, lokacin gobarar daji da ta kasuwa, lokacin da direba ba ya ganin gabansa. Bazara, a Maris da Afrilu, zafi kan kai digiri 40, tsofaffi da jarirai da masu aiki a rana su galabaita, ga sanƙarau inda ake kwana a cunkushe. Hadarin farkon damina yakan zo da iska mai yaye kwano, ta kayar da turakun lantarki, ga tsawa da ke faɗa wa makiyaya da garkensu a fili. Marka ta zo a Agusta, ginin ƙasa ya jiƙe ya zauna a kan masu barci. Satumba da Oktoba kogi ya tumbatsa. Bayan kowace ambaliya kuma, rijiyoyi sun haɗu da masai, amai da gudawa ya biyo baya, sauro ya samu wurin haihuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zuwa ba a lokacinsa ba. Manomi ya san watan shuka. Gari ma ya kamata ya san watan kowane haɗari.

Wani zai ce ai akwai hukumomi. Akwai su. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har tana fassara shi da Hausa. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da nata hasashen ambaliya, kuma a na 2025 ta lissafa jihohi 30 da Abuja, Neja na ciki. Akwai NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, akwai takwararta ta jiha, akwai N-HYPPADEC da ke Minna, wadda aka kafa don yankunan da madatsun lantarki suka shafa. Suna aikinsu gwargwadon hali. Sai dai gargaɗin da aka karanta a wani zauren taro a Abuja yana ambaton jiha ne da ƙaramar hukuma. Ba ya cewa kwalbatin da ke bayan makaranta ya cika da yashi. Ba ya cewa ruwa ya kwana uku a bayan jinga bai wuce ba. Wannan ilimi yana wurin manomin da ke bi ta wurin da safe, da makiyayin da ke shayar da shanunsa a can, da yaran da ke wanka a ciki. Matsalar ita ce babu hanyar da maganarsu za ta bi ta isa kunnen mai iko, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin ya saurara.

Bayan abin ya faru, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je Mokwa, ya sanar da tallafin Naira biliyan 2 da tirela 20 na abinci. Gwamnoni da attajirai da ƙungiyoyi suka yi ta kai gudummawa. Madalla da wannan. Amma ku auna kuɗin da aka kashe bayan an binne mutane da kuɗin da zai yashe kwalbati kafin damina. Mun iya jaje, mun iya ta'aziyya. Rigakafin ne muke ganin kamar ɓata kuɗi.

To me ƙaramin gari zai yi, wanda ba shi da na'urar hango hadari, ba shi da jirgin ceto?

Na farko, ya rubuta tarihinsa. Hakimi ko dagaci ya tara dattawan kowace unguwa, maza da mata, da malaman makaranta su riƙe alƙalami. A tambaya: wace shekara ruwa ya shigo? Ta ina ya bi? Ina ya tsaya? Wace shekara iska ta yaye kasuwa? Wace rijiya ce ba ta ƙafe ba a lokacin fari? A zana wannan a takarda, a ajiye kwafi a fada, a ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma, a koyar da shi a firamare. Inda ruwa ya taɓa kaiwa, a shafa fenti a jikin bango ko ginshiƙin gada, a rubuta shekarar, yadda mai sayen fili zai gani da idonsa kafin ya biya.

Na biyu, a ƙirga mashigan ruwa. Kowane kwalbati da kowace gada da kowace jinga da ke saman gari, a san ta, a san mai ita. Ta hukumar jiragen ƙasa ce? Ta ma'aikatar ayyuka ta tarayya ce? Ta jiha ce? A watan Maris da Afrilu matasa su fita aikin gayya su yashe abin da hannu zai iya, wanda ya fi ƙarfinsu shugaban ƙaramar hukuma ya rubuta wa mai shi, ya kuma bi sawu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a kafa doka guda da kowa zai haddace: duk wanda ya ga ruwa ya taru a bayan titi ko layin dogo inda ba ya taruwa a da, ya garzaya wurin mai unguwa a ranar.

Na uku, a shirya yadda za a tashi mutane cikin dare. Kowace unguwa tana da masallaci mai lasifika, akwai coci mai ƙararrawa, akwai sanƙira, akwai waya a kusan kowane gida. A amince da wata alama da kowa zai gane, a kuma ware tudun da za a nufa, makaranta ce ko filin Idi. A san gidajen da ke da tsoho ko maras lafiya ko mai jego, a san wanda zai ɗauko su. Idan alama ta tashi, a bar kaya. Direba kuma, ya kai ɗan'uwa, in ka ga ruwa ya haye kan gada, ka tsaya. Ba ka san ko akwai gadar a ƙarƙashi ba.

Na huɗu, malaman tsangaya, Allah Ya gafarta muku, a riƙe rajista. Sunan kowane almajiri da sunan mahaifinsa da garinsu da lambar waya, a ajiye kwafi a wani wuri dabam. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa alƙaluman Mokwa suka yi ta saɓani shi ne, gari ne na matafiya da 'yan ci-rani da almajirai, da yawa babu inda aka rubuta su. Uwa a ƙauye tana da haƙƙin sanin abin da ya samu ɗanta. Kuma wurin kwanan yara kada ya zama a kwari, komai arhar filin.

Na biyar shi ne mai ɗaci. Akwai gidajen da dole su tashi. Amma ba a ce wa talaka ya tashi ba tare da an nuna masa inda zai koma ba. In aka rushe masa gida aka bar shi a fili, damina biyu ba za ta wuce ba zai dawo, domin nan ne kusa da kasuwa, nan ne abincinsa. Gwamnatin jiha ta ba da fili a kan tudu, mai ruwan sha da hanya. Sarakuna da jami'an filaye kuma su daina sa hannu a cinikin fadama da bakin ƙorama. Wanda ya sayar da hanyar ruwa ya san abin da ya sayar.

Su kuma mutanen bakin kogi, abin da ake ta faɗa bai canja ba: masu kula da madatsu su sanar da wuri, da Nufanci da Hausa, ta rediyo da ta bakin masu unguwanni, kafin su buɗe ƙofa. Masu jirage su daina lodin da ya wuce kima, su daina tafiyar dare, fasinja ya sa rigar ruwa ko da ya iya iyo.

Na san akwai mai cewa duk wannan ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da maras daɗi. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Ba mai barin ƙofar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce ya dogara ga Allah. Ran da aka ba mu amana ne, na 'ya'yanmu da na almajiran da aka damƙa mana ma amana ne, kuma za a tambaye mu.

Saboda haka, mai sauraro, ko kana Ringim ko Auyo, ko Goronyo ko Argungu, ko Gaya ko Madarunfa, kada ka ce wannan labarin Nufawa ne. Garinku ma yana da ƙoramar da aka manta da ita, yana da kwalbatin da rabon da a leƙa cikinsa an daɗe. A wannan makon, ka samu mai unguwarku ka yi masa tambaya uku: ta ina ruwa ke shigo mana, wa ke duba hanyarsa, ina za mu nufa in ya zo da dare? Idan yana da amsa, ka taya shi yaɗa ta. Idan ba shi da ita, ku zauna ku nemo ta tun sararin sama na fari. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin da ke cikinta.